Katin Mutum Biyu

Duk wanda ya taɓa hawa shuɗin jirgin turam daga tashar Ramli zuwa Bakus a shekarun baya ya san Am Wagdi, wato Baffa Wagdi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren kwandastan nan mai faɗin ƙirji da gashin baki kamar burushin takalmi, wanda yake ratsa mutane yana ƙwanƙwasa akwatin tikiti da fensir yana cewa, "Tikiti, jama'a, tikiti! Mai barcin ƙarya ma na gan shi." Ya shafe sama da shekara talatin a wannan aiki, kuma har ya ajiye shi ba a taɓa jin wanda ya hau masa jirgi kyauta ba. Ɗalibai sun gwada, sojoji sun gwada, ƙanin matarsa ma ya gwada sau ɗaya, bai sake ba.

To, wannan bawan Allah da ya hana duniya hawan kyauta, shi ne yau duk Iskandariyya babu wanda ya kai shi iya samo tikitin kyauta. Ba na ƙwallo ba, ba na silima ba. Na kiɗan Turawa, irin wanda mutum huɗu za su zauna cikin baƙaƙen kaya da goge huɗu, biyu ƙanana, ɗaya matsakaici, ɗaya ƙato da ake jingina shi tsakanin gwiwoyi, su yi ta ja, ba ganga, ba waƙa, ba rawa, 'yan kallo kuma su yi tsit har su tashi.

A bakin aikinsa abin ya same shi. Wata rana da yamma wani tsohon Bagirke, daga cikin 'yan tsirarun da suka ƙi komawa ƙasarsu, ya hau jirgi da wani akwati mai wuya da ƙugu, ya kusa kai shi tsawo. Wagdi, lokacin da sauran ƙuruciya da zafin kai, ya ƙare wa akwatin kallo, sannan ya kira tsohon da Hawaga, yadda ake kiran Bature a garin.

"Hawaga, wannan ma sai an yankar masa tikiti."

"Goge ne fa, ɗana."

"Ko gwamna ne. Ya ci wurin mutum, ya biya kuɗin mutum."

Tsohon bai ja da shi ba. Ya biya, ya karɓi tikiti biyu, ya hangi kujera ɗaya da ta rage a bakin taga, ya zaunar da akwatin a kai, shi ya tsaya a tsaye. "Tunda ya biya, shi zai zauna," in ji shi, "ya girme ni." Jirgi ya kwashe da dariya. Da zai sauka sai ya zaro wani farin kati ya miƙa wa Wagdi ya ce, "Ka zo ranar Asabar ka ji fasinjanka yana magana. Mu a wurinmu ba a biya."

Ya je, don dai ya ga ƙarshen abin, cikin kwat ɗin aurensa. Wurin tsohon gidan wani attajirin auduga ne a bayan Titin Fu'ad, wanda wata ƙungiyar masu son kiɗa ta mayar da falonsa zaure. Da tsohon ya ɗora sanda a kan ƙaton gogen nan ya ja, Wagdi ya ji sautin ya shiga masa ta ƙirji kafin ya kai kunne. Bai san sunan kiɗan ba, bai san wanda ya ƙirƙira shi ba, amma ya tuna da uwarsa, ya tuna da ƙauyensu, ya tuna abubuwan da bai san yana riƙe da su ba. Makaɗan na ɗan dakatawa, ya miƙe zumbur yana tafi da iya ƙarfinsa, yana cewa, "Allah! Allah, ya Hawaga! Maimaita!"

Ba laifinsa ba ne. Mu haka muka taso. In mai waƙa ya taɓa maka zuciya, nan take kake gaya masa, ka kira sunan Allah, ka ce ya sake, in ba haka ba sai ya ɗauka da bango yake magana. Amma a zauren nan shi kaɗai ne a tsaye. Kawuna suka juyo, aka yi masa "shhh" ta kowace kusurwa. Wata mata siririya mai tabarau rataye da sarƙa, wadda ke zaune kusa da ƙofa, ta dube shi har sai da ya koma ya zauna. Ita ce Madam Ivon, sakatariyar ƙungiyar, mai rabon kati. Bayan an tashi ta tare shi ta yi masa bayani a hankali, irin yadda ake yi wa yaro: kowane kiɗa gaɓa-gaɓa ne, uku ko huɗu, shirun da ke tsakaninsu ma cikin kiɗan yake, ba a tafi sai makaɗa sun sauke sandunansu sun ɗago kai. Wagdi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A hanyarsa ta komawa gida ya rantse wa kansa abu biyu: zai dawo, kuma ba za a ƙara yi masa "shhh" ba har ya mutu.

Ya cika duka biyun. Tsohon Bagirken ya rasu, makaɗa suka canza, kan Madam Ivon ya yi fari fat, Wagdi bai fasa zuwa ba. Duk farkon wata zai je ofishinta ya gaishe ta, ta buɗe aljihun tebur ta ba shi katinsa. Katin nan ba kowa ke samu ba. Madam ba ta mantuwa. Akwai wani babban likita da wayarsa ta yi ƙara ana tsakiyar kiɗa, har yau in ya zo sai ta ce masa kati ya ƙare, alhali yana hango su a gabanta.

Amma kiɗa sau ɗaya a wata bai ishe shi ba, musamman da ya yi ritaya. Sai ya gano abin da kowane masinja a garin nan ya daɗe da sani. Duk inda za a yi irin wannan kiɗa, ko a cibiyar wata ƙasar waje, ko a coci, ko a makarantar koyon kiɗa, sai an aika wa manya katin gayyata, manya kuwa ba sa zuwa. Darakta zai duba ya ga babu maganar cin abinci, ya ture gefe, masinja ya ɗauka ya mayar da shi abin ɗora kofi. Am Wagdi ya bi masinjojin nan ɗaya bayan ɗaya. Rabinsu ya san su tun suna 'yan makaranta, yana cafko su maƙale a bayan jirgi. Ba ya roƙo, a'a, shi ba maroƙi ba ne. Zama yake a sha shayi, a tambayi lafiyar yara da ciwon bayan tsohuwa, can sai ya ce, "Wannan takardar da ke ƙarƙashin kofinka, tana da wani amfani ne?" Shi ya sa yawancin katunansa za ka gan su da zoben shayi a jiki.

Ran da duk wannan bai yi ba, sai ya saka kwat ya je ya tsaya a ƙofar zaure yana duba agogo kamar mai jiran wani. A garin da motoci ke cushewa a bakin teku tun daga la'asar, kullum akwai wanda abokin zuwansa bai iso ba. Bai taɓa komawa gida bai shiga ba.

A Bakus shi Am Wagdi kwandasta ne, mai fansho, mai zama a gidan shayi da silifas. A zauren Madam Ivon kuwa Ustaz Wagdi ne, sunan da ake kiran masu ilimi da masu kwat, kuma wannan suna ya fi masa fanshon daɗi. Kujerarsa a layi na uku take, ta ɓangaren babban goge. Yanzu shi ke yi wa wasu "shhh". Ba ya ma buƙatar buɗe baki, kallon da yake yi wa marar tikiti shi yake yi wa mai motsi. Aljihunsa cike da alewar tari wadda ya kware ledarta tun daga gida, in wani ya fara kakari sai ya ga an miƙo masa ba a ko dube shi ba.

Saura maganar Sitti Awatif, wato uwargida Awatif, matarsa, wadda ake kira Ummu Midhat saboda ɗansu Midhat.

Allah ya ba Awatif jiki, ya ba ta fara'a, ya kuma ba ta murya. In ta leƙo baranda tana tambayar mai kifi nawa sardin, masu kifin titi na gaba ma sai sun amsa. Ba a biki a Bakus ba da guɗarta ba, in ta saki guda ɗaya sai tantabarun saman gidaje sun tashi. Hannayenta cike da awarwaron zinare, tana tafe suna sanar da zuwanta. Kiɗa kuwa, wannan mace da shi take numfashi. In rediyo ya saka tsofaffin waƙoƙi sai ta ajiye wuƙa da albasa ta shiga hira da mawaƙiyar: "Allah, ya sitti! Gaya masa! Sake faɗa, bai ji ba!" Maƙwabta sun saba.

Katin Madam Ivon na mutum biyu ne. Haka aka rubuta a ƙasansa tun na farko, haka yake har yau. Amma tun a shekarar farko, da Awatif ta gan shi yana gyara kwat ta ce, "Ni fa, Abu Midhat?" sai ya ji "shhh" ɗin nan a kunnensa, ya hango ta a layi na uku ta karkace kai za ta saki guɗa, Madam Ivon na cire tabarau. Bakinsa ya riga shi.

"Katin na mutum ɗaya ne."

"Kai, Turawa akwai rowa," in ji ta. Ta ci gaba da guga.

Shi ke nan. Kati bai ƙara fitowa daga aljihun cikin kwat ba. Duk ranar kiɗa ita ke goge masa farar riga, ta kaɗe masa kafaɗa, in ya dawo ta ɗora masa shayi ta ce, "Me suka kaɗa yau?" Shi kuma ya gwada rera mata da muryarsa ta kiran tasha, ta yi dariya har da hawaye, ta ce in haka kiɗan yake gara da ba a biya. Kujera ta biyu kuwa a ƙofa yake bayar da ita. Sai ya zaɓi mai fuskar natsuwa cikin masu tsaye ba kati, ya yafito shi. In mutum ya yi godiya ya ce, "Iyalin fa, Ustaz?" sai ya ce, "Ba ta son kiɗa." Wallahi wannan ƙarya ce da ko shaiɗan zai ji nauyin faɗinta.

Asiri ya tonu ne ranar da suka je nema wa Midhat aure. Midhat ya daɗe yana yanga, har uwarsa ta fara cire rai, sai ga shi ya samo 'yar wani malamin lissafi mai ritaya a unguwar Muharram Bek. Suka tafi da tiren kayan zaƙin nan da ake kira basbusa, Awatif ta sha kwalliya. Uban yarinyar, Ustaz Rif'at, yana buɗe ƙofa ya tsaya cak, sannan ya rungume Wagdi kamar ɗan'uwansa da ya dawo daga Hajji.

"Kai ne! Wallahi kai ne! Ku zo ku ga mutumin kirkin da nake ba ku labari!"

Aka zauna, aka kawo lemo, mutumin bai bar maganar ba. Ya dubi Awatif ya ce, "Hajiya, mijinki ɗan aljanna ne. Bara da damina ina tsaye a ƙofar zauren kiɗan nan ba ni da kati, ya ce in zo, nasa na mutum biyu ne, kullum kujera ɗaya ragowa take. Na ce uwargida fa? Ya ce ba ki son kiɗa. To, kowa da abin da Allah ya ɗora masa. Ni ma tawa sai fim."

Awarwaron Awatif suka yi shiru. Wagdi ya ajiye kofin lemonsa. Ita kuwa ta yi murmushi ta ce, "Haka ne, Ustaz. Kowa da abin da Allah ya ɗora masa."

Aka yi magana, aka daidaita, aka ɗaga hannu aka karanta Fatiha. Ana shafawa kowa ya juya yana jiran guɗar uwar ango, don labarinta ya riga ta isa Muharram Bek. Ta yi, amma 'yar gajeruwa, ba rai, ko labulen falon bai motsa ba.

Da ta yi faɗa, da sauƙi. Wagdi ya san yadda ake bi da faɗan Awatif: ka sunkuyar da kai, ka bari ya wuce, a ci abinci. Amma ba ta yi ba. Ta dafa, ta share, ta ajiye masa shayi, ta kashe rediyo. Mai kifi ya tsaya a ƙarƙashin baranda yana ɗaga kai ko lafiya. Gidan ya yi tsit irin na zauren Madam Ivon, kuma a karon farko a rayuwarsa Am Wagdi ya ji ya tsani shiru.

Ya daure ya daure, har ranar da ya same ta a kicin tana cusa shinkafa cikin ganyen kabeji.

"Ummu Midhat, ki yi magana mana. Ki zage ni ma na yarda."

Ba ta ɗago ba. "Me zan ce? Ni dai abu ɗaya nake so in sani. Kunyata kake ji?"

"Haba, wace irin magana..."

"Kunyata kake ji, Wagdi?"

Rabon da ta kira shi da sunansa tun kafin a haifi Midhat. Ya nemi ƙarya ya rasa, duk ya ƙarar da su. Sai ya zauna a kan kujerar kicin ya ba ta labarin ranar farko, da tsayuwarsa shi kaɗai, da "shhh", da kallon Madam, da likitan da aka daina ba kati. Ya ce wurin nan ne kaɗai a duniya ake ce masa Ustaz.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Da ka ce musu ƙafata ke ciwo, da na yafe. Da ka ce na mutu ma, da na yafe. Amma ba na son kiɗa? Ni?" Ta goge ido da bayan hannu, ta ce albasa ce, alhali babu albasa a gabanta.

"Asabar mai zuwa akwai kiɗa," in ji shi. "Ki shirya."

"Ba na zuwa inda za a ji kunyata."

"Na roƙe ki."

Sai da ya yi kwana da kwanaki yana lallashi kafin ta yarda, da ta yarda kuma sai tsoronsa ya dawo sabo. Ya shiga koya mata darasi. Ba a shiga da burodi da hanta. Ba a ɓare 'ya'yan kabewa. Ba a gaisawa da maƙwabciyar kujera in an fara. In sun tsaya, ba su gama ba. In sun sake tsayawa, har yanzu ba su gama ba. Ta dubi hannunsa kawai, in ya tafa ta tafa.

"Numfashi fa?" in ji ta. "Ana yi, ko shi ma sai na dubi hancinka?"

Ranar Asabar ta fito cikin baƙar rigarta ta zuwa manyan wurare. Ya lura tafiyarta ba ƙara. Ya dubi hannunta, sai ya ga ta tattara awarwaron duka ta ɗaure su tam da farin hankici, don ba sa fita, sun daɗe da zama a hannun. Abin ya soke shi.

A ƙofa Madam Ivon ta karɓi kati, ta ɗaga tabarau.

"Madam, iyalina ce."

"Ashe kana da iyali, Ustaz Wagdi? Sannu da zuwa, Madam."

Awatif ta amsa da kai kawai, ta riga ta fara shirun tun daga waje. Suka zauna a layi na uku. Can baya Ustaz Rif'at, sabon suruki, yana ɗaga musu hannu. Makaɗa suka fito, maza uku da wata matashiya mai babban goge. Aka fara.

Gaɓar farko Wagdi bai ji ko ɗigo ba. Idonsa na kan matarsa ta wutsiya, hannunsa a shirye ya riƙe nata. Ta zauna ƙyam, jakarta a cinya. Makaɗa suka tsaya, aka yi 'yan tari, aka juya takarda. Awatif ba ta motsa ba. Ya sauke ajiyar zuciya.

Sai aka shiga gaɓa ta biyu, mai tafiya a hankali. Ƙananan gogen suka ja da baya, matashiyar nan ta sunkuya a kan nata ta fara ja, sauti mai kauri, yana hawa kamar zai kai wani wuri sai ya fasa ya dawo, ya sake tasowa. Wagdi ya ji kujerar kusa da shi tana rawa. Ya juya. Awatif ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije, hawaye na bin kumatunta, hannunta ɗaya ya danne ɗaurin hankicin kada zinaren ya yi ƙara. Duk inda sautin ya hau sai ƙirjinta ya ɗaga, ya ga "Allah" ɗin ta taso har maƙogwaro, ta haɗiye ta. Ta sake tasowa, ta sake haɗiyewa. Ba don Madam take yi ba, ba ta san Madam ba. Don shi take yi.

Nan ya tuna yadda kiɗan nan ya shige shi ranar farko, kafin ya koyi inda ake tafi da inda ba a yi. Ya daɗe bai ji shi haka ba. Shekara da shekaru yana zaune a nan yana gadin shiru, kusa da baƙon da bai sani ba, ita kuwa tana gida tana jira ya dawo ya rera mata da muryar kwandasta. Tausayinta ya kama shi, kunyar kansa ta kama shi, daɗin kiɗan ya zo ya haɗu da su, ƙirjinsa ya cika har ba wuri.

Sautin ya yi ƙasa, ya yi siriri, ya ɓace. Sanduna huɗu suka tsaya a iska. Zaure ya yi tsit.

"Allaaah!"

Muryar da ta shekara talatin tana kiran tasha cikin ƙarar ƙarfe ce, har fitilar rufin sai da ta amsa. Am Wagdi ya waiga ya ga wane marar tarbiyya ne, sai ya ga duk zauren shi ake kallo. Bakinsa a buɗe yake.

Awatif ta zare mayafi daga baki ta mintsine shi a cinya. "Abu Midhat!" ta ce cikin raɗa, raɗan da aka ji har layi na shida. "Ba a yi a nan! Ba su gama ba!"

Wani ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Matashiya mai babban goge ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ɗan dafa ƙirji ta ɓangarensu, sannan aka shiga gaɓa ta uku. Wagdi bai yarda ya dubi wajen ƙofa ba. Ya san abin da ke can.

Da aka gama duka aka tashi ana tafi, ya raɗa mata, "Yanzu an halatta. In guɗa za ki yi, yi abinki, ni nawa ya riga ya ƙare."

"Ni? A gaban mutane?" Ta gyara mayafi. "Ɗaya ya ishe su a gida ɗaya."

A jirgin komawa ta kwance hankicin, awarwaro suka dawo da surutunsu, ita ma haka. Tun daga Ramli har Bakus tana ba shi labarin kiɗan kamar ba tare suka ji ba. Ta ce babban gogen nan mace ce da ɗanta ya tafi ci-rani bai aiko ba, ƙananan kuma maƙwabta ne suna ba ta haƙuri, na tsakiyar shi ne mijin, ba ya cewa komai sai "haka ne, haka ne". Ta ce ya kunyata ta a gaban surukai. Ta faɗa, ta sake faɗa wa kwandasta, ta faɗa wa wata mata mai kwandon lemo, kuma duk lokacin da ta faɗa sai ta ƙara matse hannunsa.

Farkon wata ya yi. Am Wagdi ya so ya ƙi zuwa, amma ya ce gara ya ji da kunnensa. Ya tarar da Madam Ivon a bayan teburinta. Ya gaishe ta, ta amsa, ta bar shi a tsaye.

"Ustaz Wagdi, ka san dokar zauren nan."

"Na sani, Madam."

"Sau biyu ke nan."

Ya yi zaton ta manta na farkon. Ya sunkuyar da kai yana jiran a ce kati ya ƙare. Ta buɗe aljihun tebur, ta ɗauko ɗaya, ta yi rubutu a kai, ta miƙo.

"Ba naka ba ne. Ka kai wa Madam Awatif. Na daɗe ban ga mai sauraro irinta ba. In ta ga dama ta zo da kai, wannan ruwanta, amma ita za ta kula da kai."

Ya same ta a baranda tana faɗa da mai kifi, rediyo na tashi a bayanta. Ya miƙa mata. Ta goge hannu a jikin riga, ta karanta sunanta a hankali, ta juya katin gaba da baya, ta kai shi nesa da ido, ta dawo da shi kusa.

"Kash," in ji ta. "Abu Midhat, ka yi haƙuri. Na mutum ɗaya ne."

Ta soke shi a ƙirjin rigarta, ta wuce ciki tana bin waƙar rediyo. Jim kaɗan ya jiyo ta daga ɗaki tana tambaya da ƙarfi, wace farar rigar zai saka, mai maɓallin ƙashi ko ɗayar, don ita ba za ta yi guga sau biyu ba.